Zanen da Aka Fita da Shi

Ƙarar jirgi iri biyu ce a garin nan, kuma ko ina tsakiyar wanke-wanke nakan bambanta su. Akwai ta jirgin matafiya, mai nauyi, mai jan jiki a hankali, wanda kana jin sa kana ganin sa. Akwai kuma ɗayan, wanda sai ya wuce kanka tukuna ƙararsa ke isowa, ya tsaga sama ya yi yamma, wajen dazukan da mutane ba su son ambato. Shekaranjiya ina shanyar kayan yara irin na biyun ya wuce. Kafin in san abin da nake yi na riga na janye ɗana jikin katanga, idona kuma yana kan ɗiyata, ina duba abin da ke jikinta: riga ruwan hoda mai aljihu guda, maɓallin sama ya cire, ɗankwali baƙi da ta ɗaura a karkace. Ba wanda ya ce in duba. Haka aka horar da idon tun ina ƙarama.

Gwaggo ce ta horar da shi. In kana da haƙuri zan gaya maka yadda aka yi. Ni dai ba mai zurfin karatu ba ce, daga firamare sai Islamiyya. Abin da na gani shi zan faɗa, wanda kuma ji na yi zan gaya maka cewa ji na yi.

Gidanmu na Ƙofar Kwaya babban gidan ƙasa ne mai zaure biyu, da darbejiya a tsakar gida wadda ke zubo mana 'ya'yanta masu ɗaci da damina. A zauren farko kakanmu na wajen uba yake zama, muna ce mashi Baba Tsoho. Tsohon soja ne, ya yi yaƙin basasa tun ba a haifi babana ba, amma in ka gan shi bisa buzunsa da 'yar rediyonsa ba za ka ce ya taɓa riƙe abin da ya fi carbi nauyi ba. Cikin gida kau Gwaggo ke da iko. Ita ce babba a ɗiyan Baba Tsoho, ita ta goyi babana da baffannina a bayanta. Ta yi aure, mijin ya rasu ba ta haihu ba, ta dawo gida ta kafa sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Da an fara cire gyaɗa a gona, gidan nan ba ya ƙamshin komai sai suya. Har hijabanmu na Islamiyya sukan ɗauka, yara su yi ta shinshinar mu a aji.

Gwaggo tana da wata doka da ban taɓa jin irinta a gidan kowa ba. Ba a fita duka. Biki ne, suna ne, gaisuwar rasuwa ce, ko Idi ne, in dai taro ne, sai an bar yaro guda a gida daga kowane ɗaki. Za ka ga mata sun gama shiri, turare ya cika tsakar gida, an wanke yara an shafe su da mai har goshinsu na ƙyalli, sai Gwaggo ta ɗago daga kan turminta ta ce, "Ɗaya ya zauna." Ba ta ɗaga murya. Babu kuma mai gardama, har babana da ke da gemu. A ɗakin Inna mu biyar ne, amma tun da na kai shekarun da ake aike na, wannan ɗayan ba ya wuce ni.

Da ƙafarsu ta ɗauke, gida ya yi tsit har kana jin kukan kurciya bisa darbejiya, sai ta turo mani faifan gyaɗa in ɓare, ta fara tambaya.

"Wane zane uwarki ta ɗaura?"

In ce mai ruwan goro.

"Mai ruwan goro kawai? Garin nan mata nawa ke da mai ruwan goro?"

Sai in ƙara: mai zanen fanka, da ƙuna kaɗan a gefe inda garwashi ya taɓa. Ta wuce kan yayata, kan ƙannena, kan jaririn da ke goye, wane majanyi aka sa mashi, wane takalmi babana ya zura. In na faɗi daidai ba ta yabo, sai dai ta miƙo mani ƙuli mai zafi. In na kuskure kau, ranar ba ni da sakewa. Idan sun dawo sai ta tsayar da ni a bakin ƙofa ta ce in duba da kyau abin da na kasa gani.

Ka san zuciyar yaro ba ta zama babu dalili, in ba a ba ta ba sai ta ƙirƙiro. Na yi zaton mummuna ce ni, ana jin kunyar fita da ni. Na yi zaton 'yar aikin banza take so, don hannuna na da saurin ɓara. Akwai lokacin da na tabbatar wa kaina ba Inna ta haife ni ba, har nakan zauna ina kwatanta yatsun ƙafata da nata in tana salla. Mafi muni, na yi zaton leƙen asiri Gwaggo ke sa ni, tana tara bayanin kayan Inna don ta kai wa wani mai duba. Na taɓa bin ta a baya har bakin titi don in ga inda za ta, ashe gidan mai niƙa ta nufa. Ban daina zargin ba, na dai ce ta gane ina bin ta.

Matan gida ma suna da nasu zargin, amma a kan anko. Duk bikin da za a yi a dangi, in an fitar da atamfar da kowa zai ɗinka, Gwaggo takan karɓi tata ta jefa a adaka, ranar biki ta fito da wani tsohon zanenta daban. Ba ta tsaya nan ba, ta hana a ɗinka wa yaran gidan. Matan baffannina sukan yi ƙus-ƙus a madafa, wata ta ce girman kai ne, wata ta ce baƙin ciki ne na wadda ba ta haifa ba. Ina jin su ina wanke tukunya, ina ƙara nawa a zuci.

Ranar da abin ya fara sauya mani kama, ranar dawowar babban baffana ce daga aikin Hajji. Bazara ce, irin wadda ruwan randa ke yin ɗumi tun hantsi. A lokacin jirgi abin murna ne a unguwarmu. In ya taso da alhazai yara kan cika titi suna tsalle suna ɗaga hannu, kowa na aika saƙon abin da za a kawo mashi, wani dabino, wani zobe. Ran nan har mota aka ɗauko haya don zuwa filin jirgi. Na yi wanka tun da safe, na sa kayan sallata, na shige tsakiyar yara na sunkuyar da kai. Gwaggo ko kallo na ba ta yi ba.

"Ɗaya ya zauna."

Na yi kuka har muryata ta dushe. Ta bari na gama, sannan ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta a inuwa ta ce bari ta yi mani kitso. Tana cikin tsaga kai jirgin ya iso. Ban sani ba ko iska ce ta sa ya sauya hanya, amma ya yi ƙasa-ƙasa fiye da kullum, inuwarsa ta ratsa tsakar gidanmu, kwanukan da aka kife suka ɗauki rawa. Ban ankara ba na ji ni a ƙasa, bakina cike da rairayi, Gwaggo ta kwanta a kaina da dukkan nauyinta. Zuciyarta na bugun bayana kamar ana daka. Kuma tana magana. Kalma guda ce gajera take ta maimaitawa, ba Hausa ba ce, ba kuma irin Larabcin da muke ji a Islamiyya ba.

Da ƙarar ta wuce ta tashi, ta karkaɗe zanenta, ta ɗauki tsinken kitso ta ci gaba. Tsagar da ta yi bayan nan duk a karkace ta fito.

"Kin ji wani abu?" ta ce.

Na ce a'a.

"To."

Daga ranar na juyar da idon da ta ba ni a kanta. Na lura in ana mata magana kullum sai ta juyo da kunnen dama, na hagun ba ya aiki. Na lura duk gidan dogayen fuska ne da mu, irin ta Baba Tsoho, ita kaɗai ce mai zagayayyar fuska da gajerun yatsu. Ba ta taɓa manja, ko a miyar wani ta gan shi sai ta ture kwanon. Ranar Babbar Salla kuma, da an fara babbakar kai da ƙafa, ƙaurin gashi ya tashi, sai ta shige ɗaki ta rufe ƙofa ta cika kasko da turaren wuta, ba ta fitowa sai an share wurin an yayyafa ruwa. Duk waɗannan abubuwa a gaban kowa suke, shekara da shekaru, amma gidan ya yi kamar bai gani ba.

Na tambayi Inna. Ta dube ni, ta dubi ƙofa, ta ce in kama bakina in na san abin da ya fi mani. Sai na nufi Baba Tsoho, don tsakanin jika da kaka babu abin da ba a faɗa. Na kai mashi furarsa, yana gani na ya fara.

"Amarya, yau ma tsararo kika dama mani? Zan sake ki in auro mai hankali."

"Wa za ta aure ka, duk haƙoranka uku?"

Ya yi dariya har da tari. Sai na ce, "Baba Tsoho, a ina ka samo Gwaggo?"

Ludayin ya tsaya a hanya. Ya rage muryar rediyo, abin da ko liman ya shigo ba ya yi.

"Wa ya aiko ki?"

Na ce ba kowa.

Ya daɗe yana kallo na, irin kallon da ake yi wa baƙon da ba a yarda da shi ba. Can ya ce, "Inda Allah ya ajiye mani ita." Ya mayar da rediyonsa. Daga ranar bai ƙara ce mani amarya ba sai da aka kwana biyu.

Na ci gaba da lura da su biyun. Ita ke kai mashi abinci da hannunta, ta durƙusa ta gaishe shi, gaisuwa mai tsawo har da tambayar ƙafarsa mai ciwo. Ita ta yi jinyarsa har ya cika. Amma in suna tare jirgi ya wuce, ba su kallon sama, ba su kallon juna. Shi ya kama gyaran zaman hularsa, ita ta kama kakkaɓe tabarmar da ba ta da datti. Ya rasu ina budurwa, da abin da ya sani a cikinsa.

Sai da na haifi ɗiyata na koma gida wankan jego sannan na ji sauran. Gwaggo ce ke yi mani wankan, safe da yamma, da tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya. Wata safiya tururi ya cika banɗakin, ina riƙe da bango ina cije leɓe, ta tsoma ganye ke nan sai muka ji jirgi can nesa. Hannunta ya tsaya. Ban san inda na samu ƙarfin hali ba, wataƙila don ni ma na zama uwa, na ce, "Gwaggo, ranar nan na ji."

Ba ta tambaye ni wace rana ba. Ta ci gaba da fyaɗa mani ganyen, tana magana a bayana, don haka ban ga fuskarta ba har ta gama.

Ta ce a can Kudu aka haife ta, a garin da ta manta sunansa. Lokacin yaƙi, saboda jirage, an tashi kasuwarsu daga fili an mai da ita ƙarƙashin itatuwa, ana ci da sassafe a watse kafin rana ta ɗaga. Uwarta manja take sayarwa. Wata safiya ta goya jariri, ta ɗora wa babbar ɗiyarta tulu, ta ce ita Gwaggo ta zauna gida don tana da gyambo a ƙafa. Ba ta fi shekara bakwai ba. Ta yi kuka, ta yi fushi, ta juya wa ƙofa baya. Da suka yi nisa ta tashi ta bi su tana ɗingishi. Ta kusa isa, har tana jin hayaniyar ciniki, jirgin ya zo.

Ba ta ba ni labarin ƙarar ba, ta ce kunnen da ya ji ta ya tafi da ita. Abin da ta gaya mani shi ne bayan nan. Tuluna sun fashe, manja ya malale ko'ina, ba ka sanin wanne ne manja wanne ne ba shi ba. Fuskoki kuma babu abin da za a gane a cikinsu. Da zane ta gane uwarta, mai zanen kifi, da wani faci a gefe da aka yi da baƙin zare. Jaririn yana cikin zanen.

"Yayata kau ban dube ta ba da safen nan," in ji ta. "Fushi nake. Na zagaye wurin har rana ta take, ban san abin da nake nema ba."

Kwanaki bayan haka sojoji suka shigo garin. Wani dogo a cikinsu ya same ta zaune a gindin itace, ya ba ta ruwa, ya ɗaure mata ƙafa. Da aka gama yaƙi ya kawo ta Katsina, ya miƙa wa matarsa da ko haihuwar fari ba ta yi ba, ya ce ga ɗiyarsu. Harshen garinsu ya zube mata kaɗan-kaɗan, sai kalmar da ake kiran uwa da ita, ita ma sai jirgi ya matso take fitowa.

Na ce, "Jirgin su wa ne?"

"Daga ƙasa ba a ganin na wa."

Amma ni na iya haɗa abu da abu. Su Baba Tsoho bayan jirgin suka shigo, ba kafinsa ba. Ko tausayi ne ya sa ya ɗauke ta, ko wani nauyi yake rage wa kansa, ko duka biyun, ban sani ba, kuma ina jin ita ma ta fi shekara arba'in tana wannan tambayar tana kai mashi tuwo. Haka ba ta san ko uwarta don ƙauna ta bar ta ba, ko don mai gyambo za ta rage mata sauri.

Sai na yi tambayar da ta fi ci mani rai tun ina yarinya. Me ya sa kullum ni?

"Ke ce mai ido," ta ce. "'Yan'uwanki ko raƙumi ya wuce gabansu sai an nuna masu."

Na so ta ce wani abu daban. Na jira. Ta kwara mani sauran ruwan ta ce in tashi kunun kanwa na hucewa.

Yanzu ina aure a Ƙofar Marusa, ɗiyata ta isa shiga firamare, ƙanenta bai bar nono ba. Maigidana gyaran babur yake yi a Ƙofar Kaura, mutumin kirki ne, amma asalinsu wani ƙauye ne yamma da gari, ta inda jiragen nan ke nufa. Kai ma kana jin abin da ake faɗa. An ce jirgi ya bi 'yan bindiga ya sauke a kan masu biki, an ce a kan 'yan kasuwa, an ce kuskure ne. Wasu su ce wani ne a ƙasa ke ba da bayanin ƙarya don wata gaba tasa. Ban san gaskiyar ba, ban kuma san wanda ya sani ba. Abin da na sani, tun da na fara jin irin wannan, duk taron da na shiga sai in kama kaina ina kallon wanda ya koma gefe yana waya.

Watan jiya aka sa bikin ƙanwar maigidan a ƙauyen. Na ce mu je mu bar yarinyar.

"Hajiya jikokinta take son gani, duka," in ji shi, yana nufin mahaifiyarsa. "Me zan ce mata? Matata na tsoron sama?"

Na ce ya ce mata tana mura.

"Wanda ya halicce su shi ke tsare su, a nan ko a can."

Na ce na sani, amma ba za ta ba. Ban taɓa yi mashi irin wannan tsayuwar ba. Ya dube ni kamar an musanya mashi mata, ya ɗauki hularsa ya fita. Bai ce e ba, bai kuma hana ba.

Na gaya wa kaina dalilin a fili yake, mai shan nono ba ya zama, dole babbar ce. Amma a hanyarmu ta zuwa Ƙofar Kwaya in bar ta wajen Gwaggo, cikin Keke mai ƙafa uku, yarinyar ta ce mani direban ya sauya madubinsa na hagu, ba irin na dama ba ne. Na duba, haka ne. Sai na gane ba nonon kaɗai ba ne, ita ce mai ido.

Gwaggo ta tsufa, idonta ya fara hazo, ta bar suyar gyaɗa. Ban yi mata bayani ba, ita ma ba ta nema ba. Yarinyar ta riƙe mani hijabi tana kuka, an riga an yi mata lalle don bikin. Na ɓamɓare yatsunta. Kafin in fita na tsaya a tsakar gida, na buɗe hijabin kamar ina gyara goyo, na juya a hankali. Atamfa ce ruwan toka mai ɗigon fari. Ina zaure na ji muryar Gwaggo a bayana tana cewa, "Share hawayen. Wane zane uwarki ta ɗaura?"

A ƙauye aka tarbe mu da murna. Surukata ta tambayi yarinyar, na ce mura, ta yi mani kallon da ya nuna ba ta saya ba, sannan ta miƙo mani leda. Anko ne, ja mai manyan furanni, har an ɗinka mani da awon tsohuwar rigata. A gaban dangin miji, bayan na zo masu da jika guda, da wane baki zan ƙi? Na sa. Aka yi ta guɗa, aka ci, aka sha, na ma manta na ɗan lokaci.

Washegari da la'asar, mata sun cika filin ƙofar gida za a kai amarya, ƙarar ta zo. Irin ta biyun. Ban ga jirgin ba, wucewa kawai ya yi. Amma na ga yaran ƙauyen. Babu wanda ya ɗaga hannu, babu mai aika saƙon dabino. Ba wanda ya ce masu komai suka watse, wannan ya yi gindin kuka, wancan ya faɗa kwari, wata 'yar ƙarama ta ja ƙanenta suka kwanta jikin rumbu. Makaɗa suka tsaya. Na waiga dama, na waiga hagu. Ja mai manyan furanni, ja mai manyan furanni, har ƙarshen fili, da yawa da goyo a baya kamar ni. Na nemi abu guda a jikina da ba na kowa ba, ban samu ba.

Ba abin da ya faru. Aka yi 'yar dariyar kunya, kiɗa ya tashi, aka kai amarya. A mota maigidan ya ce, "To, ga shi mun dawo da ranmu, sai ki ba yarinya haƙuri." Ni kau sauri nake in gan ta, har ban tsaya sauya kaya ba.

Tana zaune a dokin ƙofar zaure. Na buɗe hannu, ba ta taso ba. Ta dube ni daga wuya har ƙafa.

"Ba da wannan kika tafi ba."

Gwaggo ta juyo da kunnen dama ta ce me ta ce. Na maimaita mata. Ta kamo gefen zanen ta matso da shi kusa da idonta, ta murza shi tsakanin yatsu.

"Ku nawa kuka sa shi?"

Na ce duk matan dangi.

Ta saki zanen. "Yarinyar nan tun jiya take bitar ruwan toka mai ɗigon fari," ta ce. "Shi za ta je nema."

Ankon yana ƙasan akwatina, ban ƙara sa shi ba. Da, a duk unguwarmu mace guda ce ke jin jirgi ta kwanta, ana ce mata mai girman kai. Yau yaran da ba su taɓa jin labarin yaƙin basasa ba sun iya abin da ta iya, ba tare da an kawo su daga ko'ina ba. Ban san wa zan zarga ba, shi ya sa nake zargin kowa, har sama in ta yi shiru da yawa. Ɗiyata kuma ni take zargi. Ina gani a idonta, tana auna yadda nake ɗaukar ƙanenta, tana duba wa aka fara zuba wa abinci. Na san lissafin da take yi, na yi irinsa. Wata rana zan gaya mata, amma ba yanzu ba, don in na faɗa mata dalilin sai na faɗa mata abin da ake nema da zanen.

Jiya zan fita cefane na tsaya gabanta, ina yi kamar ɗankwalinta nake gyarawa. Ba ta ɗago daga kan allonta ba.

"Kore mai ganye," ta ce. "Na gani. Je ki."